Ranar da Na Shanya Faya-fayan Mma Adiza

Azumin bana ni dai ban san sunan da zan ba shi ba. Ka yi sahur, ka ɗan kishingiɗa, ka tashi ka wanke kwano biyu, kafin ka waiwaya ƙarfe shida ta yi, an sha ruwa. Ga sanyi, ko ƙishirwa ba ka ji. Amma jiya da la'asar jikata Nana ta shigo tana jan ƙafa, ta zube a kujera, wai "Granny, I'm dying." Na ce to Allah ya jiƙan rai, tashi ki yanka mini albasa.

Ita wannan Nanar bara ta tsiro da wata sabuwa. Duk waƙar duniya tana cikin wayarta, amma wai ba daɗi, ita sai faifan garmaho. Duk Asabar tana bin kasuwannin tsofaffin kaya tana kwaso faya-fayan mawaƙan soul, baƙaƙen fatar Amurka na zamanin da, tana kawo mini tana nuna hotunansu kamar ita ta fara gano su. To jiyan, da ta shigo, sai ta ɗora ledar faya-fayan a kan hitar ɗumama ɗaki, hitar kuma tana aiki. Ban san lokacin da na miƙe ba, ni da gwiwa ke hana ni hawa bene.

"Ke! Ɗauke! Ɗauke shi daga nan, don ubanki!"

Yarinya ta razana ta fizge ledar, tana kallona kamar na sami taɓuwa. Ba laifinta ba ne. Ba ta san abin da zafi ya taɓa ja mini a kan faifai ba, a wani azumin da ya amsa sunansa azumi.

Farkon shekarun tamanin na zo Landan, ina amarya, shekarata ashirin da biyu. Maigidan likita ne, ya zo ƙaro ilimi, asibiti kuma ta fi ni ganinsa. Muna zaune a Woolwich, a benen gidajen haya na hukuma, hawa na huɗu. Wata biyu na yi ban ji Hausa daga bakin kowa ba sai shi. Rannan lif ya lalace, na kinkimo cefane ina hawa, na kai hawa na uku na dire kayan na ce, "Wash, Allah na!" Sai na ji daga sama an ce, "Sannu, sannu." Wallahi kaɗan ya rage in fashe da kuka.

Mma Adiza ke nan, maƙwabciyata, ƙofarta na kallon tawa. 'Yar zangon Kumasi ce, ta girme ni da kusan shekara ashirin, tana aikin wanki da guga a wani asibiti. Hausarta irin ta zango ce, kowa "kai" ne a wurinta, mace ko namiji, ni kuma daga ranar ta raɗa mini Amariya. Ita ta nuna mini inda ake samun naman halal, ita ta koya mini shiga bas, ita ta hana ni gaida kowane Bature a hanya har ƙasa. A ƙasar nan kaf ba ni da kowa sai ita.

Aibinta ɗaya a wurin maigidan, kiɗa. Duk Asabar da hantsi, in ta tashi share ɗaki, sai ta kunna garmaho, bango ya ɗauki rawa. Mijinta marigayi, Issaka, shi ne mai sa faifai a wuraren rawa a Kumasi, da ya rasu a nan Landan akwatin faya-fayansa ya bar mata. A cikinsu akwai wani ɗan ƙarami da take sawa a ƙarshe, sau uku a jere. Ta taɓa nuna mini shi. Babu suna a jikinsa, domin Issaka ya kankare takardar tsakiyar da wuƙa, kada abokan gasarsa su leƙa su san waƙar su je su sayo. A wurin kankarar ya rubuta "Adiza" da biro. Maigidan kuwa in kiɗan ya taso sai ya ɗaure fuska ya juya shafin littafinsa da ƙarfi, ya ce, "Wannan baiwar Allah ba ta gajiya ne?" Mutum ne da ko a rediyo aka sa kiɗa sai ya murɗe.

Ana gobe azumi ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, rungume da akwatin.

"Amariya, ka ɓoye mini wannan har Sallah. Da, Issaka ne yake kullewa ya tafi da makulli. Bara na gwada ni kaɗai, rana huɗu hannuna ya ƙi jin magana. Ko na zo ina kuka, kar ka ba ni."

Na karɓa da hannu biyu, kaina ya yi girma. Na tura shi can ƙasan kabad ɗin kayana, jikin bangon banɗaki.

Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar summer, wato bazararsu. Ku da ba ku gani ba, ba za ku gane ba. Kafin ƙarfe uku alfijir ya keto, rana kuma ba ta faɗuwa sai tara ta wuce. Babu ladan, babu mai tashe, sai wata takardar lokuta da muka manna a jikin firij, muna kallonta muna kallon agogo. Ƙarfe takwas na yamma 'ya'yan Turawa suna ƙwallo a ƙasa, gari fayau, kai kuma cikinka yana kiran sunanka. Na sha tsayawa a taga ina yi wa rana magana, ina cewa ke dai ba ki da gida ne?

Abinci kuma sai dabara. Gero babu, ko na magani. Da garin shinkafa muke dama kunu, mu sa tsamiyar da muke samu a shagon Indiyawa, mu rufe ido mu sha. Kukata ƙulli ɗaya ce da Inna ta cusa mini a akwati, na hana kaina ita sai ranar Sallah. Abin da ya cece mu wake ne. Kullum Mma Adiza ta taso aiki da la'asar, sai mu baje a kicin ɗina da roba biyu, mu jiƙa wake mu yi ta murza shi da hannu muna tsame ɓawon, tana ba ni labarin Kumasi ina ba ta na Fagge. Injin markaɗenta tsoho ne, minti biyu ya yi zafi, sai mun sa shi a taga ya huce. A haka za mu soya ƙosai, mu jera, mu zauna mu sa shi a gaba muna jiran takardar firij ta ba mu izini. Maigidan yawanci a asibiti yake shan ruwa, don haka mu biyu ne.

Kwanakin farko ruwa aka yi ta yi, irin yayyafin nan nasu marar zuciya, ba ya tsayawa ba ya zuba. Rana in ta leƙo ma, dariya take ba ni. Ni da na tashi inda rana ke gasa ƙafa ta cikin takalmi, wannan abin da ke sama kamar tocilan mai tsohon batir shi ne rana? Na raina ta iya raini.

Ranar sha tara ga wata na buɗe kabad zan ɗauki zane, wani wari ya buge ni. Danshin bango ya shigo, atamfofina duk fumfuna. Na yi maza na jawo akwatin Mma Adiza na buɗe. Kwalayen faya-fayan sun yi laushi, wasu har sun fara ɗigo-ɗigon baƙi. To me 'yar Kano ta sani game da danshi? Shanya. Haka na ga Inna tana yi in damina ta ja baya, komai na ɗaki sai ya fito tsakar gida, daga katifa har allon karatu. Ranar kuma, kamar da gayya, gari ya washe tas. Na shimfiɗa zane a baranda, na zare kowane faifai daga kwalinsa, na goge shi da tsumma, na jera su reras, kwalaye a gefe. Na tsaya na kalli aikina, har ina cewa a raina Mma Adiza ta yi dacen mai riƙon amana. Na yi azahar, na ce bari in ɗan miƙe.

Barcin mai azumi, sai dab da la'asar na farka, jikina sharkaf da gumi. Na fita baranda ba takalmi, siminti ya ƙona mini tafin ƙafa. A Landan! Nan take jikina ya ba ni. Waɗanda ke jikin bango inuwa ta rufa musu asiri. Amma uku na bakin baranda sun lanƙwashe, gefensu ya tashi kamar busasshen ganye. Biyu manya ne masu suna a jiki. Na ukun, ɗan ƙaramin ne.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna daɓas a ƙasa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ba faifan kawai ba, ni matar nake tunani. In ta juya mini baya, wa zan ce wa sannu a garin nan?

Na danne su da buhun shinkafa kwana guda, ko gezau. Na ɗauki ɗaya daga manyan na rufa masa zane na bi shi da dutsen guga. Da na ɗaga zanen, ya miƙe kam, amma layukan waƙar duk sun shafe, ya koma sumul kamar faranti. Daga nan na haƙura da hikimata.

Saura kwana goma Sallah. Na kwafe sunayen manyan biyun a takarda, na yafa mayafi na shiga bas. Zafin da na raina kuma ya zo ya zauna, kamar an aiko shi ya koya mini hankali. Kwalta tana kama takalmi, cikin bas kamar tanda, Turawa sun tuɓe sun yi ja suna kwance a ciyawa. Ni ga azumi, harshena kamar katako. A kasuwar Woolwich aka ce in gwada Deptford. A can na sami wani tsohon Bature mai rumfar tsofaffin faya-fayai, da kofin shayi a hannu, yana kurɓa a gabana ba ko kunya. Ya duba takardata, ya sunkuya ya yi 'yan bincike-bincikensa, sai ga ɗaya. Ɗayan ya ce in dawo gobe, na dawo kuma na samu. Na ce ashe abin da sauƙi.

Sai na fito da ɗan ƙaramin. Ya juya shi, ya ga kankarar, ya yi dariya.

"Wanda ya yi wannan ya san aikinsa. Wace waƙa ce?"

"Ban sani ba."

"Wa ya rera?"

"Wata mata ce, mai siririyar murya."

Ya ɗora shi a garmahonsa, allura ta hau tudu ta faɗo, ta hau ta wuntsila. Ya cire. Ya ce, "To sai ki rera mini."

Jama'a, ku dube ni. Matar aure, 'yar gidan malamai, goman ƙarshe na Ramadan, a tsakiyar kasuwa. Na waiga hagu na waiga dama, na ja mayafi na rufe rabin fuska, na fara gunguni ta hanci. Kalmomin ban san su ba, ta bango nake jin su. Ya ce bai ji ba, in ɗaga murya. Na ɗaga. Wata 'yar Jamaika mai sayar da doya a kusa ta matso, ta ce in sake. Mai kifi ma ya zo da wuƙarsa a hannu. Kowa ya ce ya san ta, tana bakinsa, amma ta ƙi fitowa. Na koma gida ina istigfari tun daga Deptford har Woolwich.

Tsohon nan abin ya zame masa gasa. Kullum na zo ya tara mini faya-fayan mata masu siririyar murya, ya ba ni kujera a inuwa, ya yi ta sawa ɗaya bayan ɗaya. Da ya gane ina azumi ma sai ya koma ɓoye shayinsa a bayan akwati. A nan na san mawaƙan nan da Nana ke nuna mini yau. Ya nuna mini hoton wasu 'yan mata uku da riguna iri ɗaya masu walƙiya, ya ce a coci suka koyi waƙa. Ya sa mini wata mai murya kamar za ta tsaga rumfar, ya ce wannan tana wanke-wanke a gidan abinci aka gano ta. Wata in ta ja baiti sai ka ji kamar kai aka yi wa laifin. Ga ganga, ga kakaki irin nasu, ga tafi. Ni da na zo neman abu ɗaya, sai na tsinci kaina ina cewa, "Ba ita ba ce, amma bar ta ta ƙare." Rannan na duba ƙasa na ga ƙafata tana aiki ita kaɗai a ƙarƙashin zane. Na take ta da ɗayar.

Wahalar ba ta kasuwa ba ce, ta la'asar ce. In dawo a gigice in zauna gaban Mma Adiza muna murza wake, tana ba ni labari ina yaƙe.

"Amariya, ka rame. Idonka ya faɗa. Ko ciki ne?"

"A'a, Mma, zafi ne."

"Ka gaya mini gaskiya, ni uwarka ne a nan."

In an sha ruwa ta tura mini manyan ƙosan, ta ce in ci saboda jaririn. Ƙosan nan ƙin wucewa yake yi. Wata rana ma ta ce, "Yarana suna lafiya a kabad?" Na ce lafiya lau. Ƙarya da azumi a bakina.

Saura kwana uku Sallah, maigidan yana hutu. Da hantsi ina wanke-wanke, na ƙare duk faya-fayan mata da tsohon ke da su, ban san inda zan nufa ba. Ina hawaye ina gungunin waƙar, don ta riga ta zauna mini a kai. Na kai inda take hawa sama, muryata ta kasa kaiwa na tsaya. Sai na ji an ɗauka daga falo. Da fito. Daidai inda na tsaya, har da wani ɗan lanƙwasa da ni ban iya ba.

Na fito da kumfa a hannu. Likita yana zaune da ƙaton littafinsa, bakinsa a tsuke, ƙafarsa ɗaya tana buga ƙasa. Da ya gan ni ya haɗiye fiton, ya gyara tabarau.

"Lafiya?"

"Kai zan tambaya. A ina ka san wannan waƙar?"

"Wace waƙa? Ai ta bango ake jin ta."

"Ni ma ta bangon nake ji, ban ji wannan lanƙwasar ba."

Kunyar duniya ta kama shi. Ni kuma da na ga ya shigo hannu, sai na zazzage masa komai, tun daga fumfuna har dutsen guga. Na ɗauko faifan na nuna masa. Na zaci faɗa zai yi. Ya dafe kai ya yi ta dariya har tabarau ya zame.

"Kika shanya faifai? Kamar kuɓewa?"

"Ka gama dariyar ka taimake ni. Matar nan na neme ta har na gaji."

"Wace mata? Ai namiji ne."

"Namiji?"

"Ƙato ma kuwa, da gashin baki. Haka yake siranta muryar."

Ashe mutumin nan da ke murɗe rediyo, lokacin da yake jami'a a Zariya, da tulin gashi a kansa da wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, ba a buɗe filin rawa sai ya iso. Ya ce ranar da ya karɓi takardar likita babansa ya kira shi ya ce yanzu ya zama babban mutum, shi ne ya aske gashin ya ajiye komai. Ya ce duk Asabar in Mma Adiza ta sa waƙar nan, shafi ɗaya yake karantawa sau biyar.

Shi ya raka ni Deptford. Da ya faɗi sunan, tsohon ya buga goshinsa ya ƙwala wa mai doya kira, ita ma ta riƙe baki. Tsohon ba shi da faifan, amma ya ce zai buga wa wani abokinsa waya. Ni a raina na gama shirya abin da zan yi: in ya zo, in kankare tsakiyar da wuƙa, in rubuta "Adiza", in cusa a akwati in yi shiru. Ana gobe Sallah faifai ya iso, sai ga shi babba, mai waƙoƙi goma, da hoton mutumin a kwali ya buɗe ƙirji. Allah ya toshe mini hanyar ƙarya.

Ta waya aka gaya mana an ga wata. Muka je Idi a wani zaure da aka ara, muka dawo na tuƙa tuwon shinkafa na kaɗa kukar Inna. Da azahar na ɗauki akwatin, maigidan yana bayana da babbar riga yana riƙe da kwanon tuwo. Mma Adiza ta buɗe ƙofa ta ci ado, ta yi guɗa.

"Yarana sun dawo! Amariya, Allah shi yi maka albarka!"

Na dire akwatin na durƙusa a gabanta.

"Mma, kada ki sa mini albarka tukuna."

Na faɗa mata. Ban rage komai ba. Na ajiye sababbin a gefe, na miƙa mata ɗan ƙaramin a lanƙwashe. Ta karɓa ta zauna a bakin kujera. Ta daɗe tana shafa wurin kankarar da babban yatsa. 

"Wannan hannun Issaka ne," ta ce. "Ba a sayar da shi a Deptford."

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ɗago.

"Faifai ya mutu, to, mai shi ma ya mutu. Amma kai, kwana goma kana yawo cikin rana da azumi, ka dawo ka zauna gabana kana nuna mini haƙori? Ni ina ba ka manyan ƙosai, ina zaɓa wa jariri suna? Ni dodo ne da ba za ka gaya mini ba?"

"Tsoro na ji, Mma. Kada ki rabu da ni."

"In rabu da kai in murza wake da wa?"

Ta ja tsaki, ta jawo babban faifan ta duba kwalin. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi.

"Wannan ƙaton fa?"

Maigidan ya ce, "Shi ne mai waƙar, Mma."

"Ƙarya! Shekara goma sha biyar ina tausayin yarinyar nan, ina cewa wane azzalumi ne ya sa ta kuka haka. Ashe gardi ne da gashin baki!"

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi, tana share hawaye da shi, ban san na dariyar ba ne ko na ɗazu. Ta tashi ta ɗora faifan. Ganga ta shigo, kakaki ya biyo, siririyar muryar nan ta hau sama, wannan karon ba bango tsakaninmu. Ta nuna ni da yatsa.

"Tashi. Ka ɓata da hannu, ka biya da ƙafa."

Na tashi ina ɗan jujjuya kafaɗa irin ta gidan biki. Ta ce wannan ba rawa ba ne, tankaɗe ne. Sai na ji an ce, "Matsa." Likita ya ajiye hula a kan tebur, ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, ya zame gefe a kan ƙafa ɗaya, ya juya fir, ya tsaya cak daidai da bugun gangar. Na riƙe baki. Mma Adiza ta yi ihu, "Likita! Munafuki! Kai ne mai ɗaure mini fuska a bene?" Ta tattare zane ta shigo fili. Muka yi ta yi mu uku, tagogi a buɗe, gumi yana zuba, tuwo yana hucewa a kwano ba wanda ya kula shi.

Fuskar faifan ta ƙare, allura ta koma gefe tana ƙis-ƙis. Mma Adiza ta zube a kujera tana haki tana fifita da kwali. Na matsa kusa da ita a hankali.

"Mma, kin yafe mini?"

Ba ta ko kalle ni ba. Ta nuna garmahon da haɓa.

"Je ka juya shi."

"Ni?"

"Kai mana. Ko Issaka bai taɓa barin wani ya juya masa faifai ba, ni ma haka. Amma yanzu duk Landan wa ya fi ka sanin ciwonsa? Ka riƙe ta gefe. Yi sauri, ƙafana yana sanyi."

Na goge hannuna a zane sau biyu. Na ɗaga shi ta gefe, na juya, na sauke allurar a hankali. Kiɗa ya tashi.